Zuciyar da Na Ce Ta Mutu

Fagge, Kano,
jajibirin tafiyarka.

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa duk tashar da ka buɗe jakarka ka ci karo da wannan takarda, ta same ka a zaune, cikinka da abinci, direbanku kuma ba mai gaggawar zuwa lahira ba. Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare gabanka da bayanka.

Kafin komai akwai sanarwa ta musamman, wadda nake so ka karɓa da natsuwar da ta dace da ita. Daga gobe da hantsi, farar kujerar robar nan ta gindin darbejiya, wadda ka yi shekara da shekaru kana mulki a kanta, ta koma hannuna. An zauna an yi shawara. Ƙanwarka Hafsa ta nemi sarautar, na nuna mata ba ta kai ba. Ummanka ta ce kujerar ba za ta ɗauke ni ba, na ce ban taɓa karanta inda aka ɗora sarki a sikeli kafin a naɗa shi ba. Saboda haka in ka dawo ka tarar ƙafarta ɗaya ta karkace, kada ka tuhumi kowa. Nauyin mulki ne.

An gama da babban al'amari, saura ƙarami.

An ce ba a fafe gora ranar tafiya, ga ni ina fafewa, domin shekaranjiya ina alwalar la'asar a bakin rariya na ji ku kai da Ummanka a ɗaki, tana shirya maka kayan tafiya bautar ƙasa.

Ta ce, "Abba, ga takardar likitan nan a aljihun ciki. Kana isa sansanin ka nuna ta."

Ka ce, "Umma, bar ta kawai. Ba sai na nuna ba."

"Kamar yaya ba sai ka nuna ba?"

"Sati uku ne fa. Kowa na fareti ni ina gindin bishiya kamar mai jego? In na ji na gaji zan tsaya."

"Sojan tambayarka zai yi ko ka gaji?"

Sai ka ce, "Umma, na gaji da a ce mini raggo."

Ranar ƙafata ta dama ta sha wanki ya fi sau biyar, saboda na rasa yadda zan miƙe in wuce ta ƙofar ɗakin. Ba ka ambaci sunan kowa ba, amma gidan nan mutum ɗaya ne ya taɓa kiranka haka, kuma shi ne yake riƙe da buta. Ni malamin tarihi ne, shekara ashirin da wani abu ina gaya wa 'ya'yan mutane cewa wanda bai san abin da ya wuce ba zai sake faɗawa ramin da kakansa ya faɗa. To bari in ba ka tarihin ramukan da ni na faɗa, ko ka yarda ka miƙa takardar likitan nan.

Sunan mahaifina aka sa maka, ga shi kai ne ɗan fari, don haka bakina bai taɓa iya kiran sunanka ba. Ummanka ta samu mafita, tana ce maka Abba. Ni kuwa na ga Abban ya yi mini nauyi, sai na bar gurbin a buɗe, har ranar da na cike shi da Sarkin Hutu. Kana aji uku na sakandare lokacin. Yaran unguwa suna buga ƙwallo a filin nan na Kwaciri, kai sai ka yi minti goma ka koma gefe ka dafa gwiwa kana haki kamar wanda kare ya biyo. In an aike ka ɗebo ruwa, jarka ɗaya sai ka ajiye ta sau uku. Ni kuma ina zaune da littafi a cinya, tumbi a gaba, ina ba da fatawa.

Ka san yadda muke da kalmar zuciya. In mutum ya yi himma mu ce yana da zuciya. In ya yi fushi mu ce ya yi zuciya. In ya zauna ana ci da shi bai damu ba mu ce zuciyarsa ta mutu. Mun ɗora wa kalmar nan kaya iri iri, har muka manta cewa asalinta wata tsoka ce a ƙirji mai tura jini, wadda take iya samun matsala kamar yadda ido ko haƙori yake samu. Ni da nake taƙama da sanin asalin kalmomi, na yi shekaru ina ce maka "ba ka da zuciya", "matacciyar zuciya gare ka", ban taɓa tsayawa sau ɗaya na ji abin da bakina yake faɗa ba.

Ranar wasannin makaranta na sa sunanka a tseren zagaye fili ba tare da na tambaye ka ba, wai in farkar da kai. Ka fara da gudu, ka koma sassarfa, ka ƙarasa da tafiya hannunka a ƙirji, ana ta tafi irin na tsokana. Da ka iso inda nake, sai na ce wa malaman da ke kusa da ni, "Ku yi masa uzuri, sarakai ba sa gudu." Aka yi dariya. Na ji daɗin dariyar, ba zan ɓoye maka ba. Kai ma ka yi murmushi, kuma daga ranar ba ka sake gaya mini ƙirjinka yana ciwo ba.

Abin da nake so ka ɗauka a nan shi ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gajiya daban, gargaɗi daban. Gajiya ita ce wadda kowa yake ji a cinya da gadon baya, a huta ta wuce. Amma numfashi ya ƙare maka tun sa'anninka ba su fara gumi ba, ko ƙirji ya ɗaure, ko zuciya ta riƙa dukan tara tara kamar za ta fito, ko ido ya yi duhu ƙasa ta fara juyawa, wannan jiki ne yake magana. In ya yi magana ka tsaya nan take, ka zauna, ka gaya wa na kusa da kai. Kada ka ce bari in ƙarasa zagayen nan. Ba a ba da lambar girma a kan ƙarasa zagaye, na bincika.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai na sauka daga kujerar alƙali na hau ta likita. Na karanta littattafai da yawa a rayuwata, kuma illar wannan ita ce mutum ya ɗauka ya karanta har waɗanda bai karanta ba. Na dube ka sama da ƙasa na yanke hukunci: basir ne. Ka san mu mazan Kano, in ciwon kai ne basir, in ciwon baya ne basir, in mutum ya faɗi jarrabawa ma sai an samu wanda zai ce a duba basir. Na kawo maka jiƙo a gora daga wajen wani mai magani, ka sha sati biyu kana yamutsa fuska. Ban ga canji ba, na koma kan ƙarancin jini, na shiga kemis na sayo maganin ƙarin jini mai warin tsatsa. Daga nan na koma taifot. Har lemon gwangwanin nan mai sa kuzari na taɓa saya maka ranar da za ku yi aikin gayya a makarantar Islamiyya, na ce ka kora ko ka yi abin kirki. Ka dawo kana ce wa Ummanka ƙirjinka kamar ana buga kalangu a ciki. Na ce alamar ya fara aiki ke nan.

Duk lokacin da na tuna gwangwanin nan sai na yi istigfari. Saboda haka ka ji: a sansani za ka ga masu talla iri iri, da abokai masu kirki waɗanda kowannensu yana da ɗan ƙwayar da take sa a yi fareti ba a ji ba. Ka gode musu, kada ka karɓa. Lemon kuzari, ƙwayar ƙarfi, jiƙon wane da wane, babu ruwanka. Naka maganin shi ne wanda likita ta rubuta, a lokacin da ta ce, ko ranar da ka tashi kana jin za ka iya ɗaga mota. Jin daɗin da kake yi aikin maganin ne, ba alamar a daina ba. Ka riƙa shan ruwa sosai, musamman can da aka ce zafinsu mai gumi ne. In wani ciwon ya same ka aka rubuta maka wani magani, ka fara nuna musu wanda kake sha. In azumi ya riske ka a can, ka tambayi likita yadda za ka tsara shi, kada ka tambayi ɗan uwanka mai kaki, kada kuma ka bugo ka tambaye ni. An karɓe lasisina.

Wadda ta fara karɓe shi kuwa ita ce Maman Emeka. Ka tuna ta, matar mai shagon fanka da dutsen guga a saman bene a Kasuwar Sabon Gari, wadda ta yi aikin nas har ta yi ritaya ta dawo tana taya mijinta zaman shago. A Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ta fi tawa gishiri. Mun je sayen fanka kana shekarar farko a jami'a. Matakalar benen nan ba ta kai ashirin ba, amma da muka kai sama sai ka zauna a kan ta ƙarshe ka jingina da bango.

Na ce mata, "Madam, a kawo wa Sarkin Hutu dardumarsa, ya iso fada."

Ba ta yi dariya ba. Ta taso ta tsuguna a gabanka, ta kama wuyan hannunka tana duban agogonta.

Ta ce, "Yaro, kullum haka kake ji in ka hau bene?"

Ka dube ni kafin ka amsa. Wannan duban ma ya isa ya koya mini wani abu, amma ban koya ba.

Na ce, "Lalaci ne, Madam. 'Ya'yan yanzu ba su da zuciya."

Ta ce, "Malam, ku Hausawa kuka ce labarin zuciya a tambayi fuska. To ka tambayi wannan fuskar mana. Dubi leɓensa. Kai da ka ninka shi shekaru da tumbi ka hau kana surutu, shi ya hau ya kasa magana, kuma ka ce lalaci?"

"To me kike gani?"

"Ni ba likita ba ce, ba zan sa masa suna ba. Ka kai shi asibiti a duba zuciyarsa. Ba kemis ba, Malam. Asibiti."

Na ce to, in sha Allahu, irin in sha Allahun da ake sallamar mai talla da ita. A hanya har ina ce maka ma'aikatan asibiti ko atishawa ka yi sai su ce a yi hoto. Gaskiyar magana ita ce na ji haushi an gyara mini karatu a gaban ɗana, a cikin kasuwa, kuma da karin maganar kakannina. Wata biyar na yi ina riƙe da wannan haushin. In wanda ya san aikinsa ya gaya maka abu game da jikinka, ɗana, kada ka tsaya duba ko a gaban wa ya faɗa.

Sauran ka sani, amma ba ka san yadda aka gan shi daga kujerar direba ba. Tsohuwar motata, wadda kuke kira Gwaggo, ta mutu mana a Titin Ibrahim Taiwo da rana tsaka, masu adaidaita sahu suna ta danna mana oda. Na ce ka fita ka tura. Ka tura, ta ƙi. Na leƙo ta taga na ce, "Kai, tura da zuciya mana! Ko ita ma sai an tura ta?" Ka sunkuya ka sake turawa da iyakar ƙarfinka, na saki kuloci, Gwaggo ta yi tari ta tashi. Na yi murna, na ce ka gani, da ma abin sa kai ne. Na duba madubi don in yi maka alama ka shigo, sai ban gan ka ba. Na ga mutane suna gudu zuwa bayan motar.

Ban san yadda na fita ba. Na tarar da kai kwance a kan kwalta, wani mai sayar da gilashin ido yana yi maka fifita da kwalinsa, wata mata tana salati. Ba ka fi minti ɗaya ba ka buɗe ido, kuma abin da ka fara cewa shi ne, "Baba, ta tashi?"

Ta tashi. Ita ce ta kai mu asibiti, ban kashe ta a ƙofa ba don tsoron kada ta ƙi tashi, har mai gadi ya zo ya zare makullin ya biyo ni da shi.

Dalilin ba ka wannan labari shi ne, a sansanin nan za ka haɗu da masu irin muryata. Za su sa kaki, suna da usur, za su yi tsawa su ce kowa ya fito, kuma ba mugunta ce za ta sa su ba, aikinsu ke nan, kamar yadda ni ma so nake mota ta tashi. Wanda yake kan sitiyari ba ya ganin abin da ke faruwa a baya sai ya duba madubi, kuma sau da yawa yakan duba a makare. Takardar likitan nan ita ce za ta sa su duba tun kafin a fara turi. Ba su san ka ba, ba su san Titin Ibrahim Taiwo ba. In ba ka nuna ba, ba su da laifi.

A asibiti aka manna maka wayoyi a ƙirji, na'ura ta zana layuka a doguwar takarda. Aka sake tura mu wani ɗaki aka shafa maka wani abu mai sanyi, aka yi hoton zuciyar, irin hoton da na ɗauka mata masu juna biyu kaɗai ake yi wa. Likitar, wata mace mai magana a hankali, ta juyo da allon ta nuna mana. Ta ce tsokar bangon zuciyarka ta fi yadda ya kamata kauri, saboda haka in aka matsa mata da gudu ko ɗaukar nauyi, jini ba ya samun hanyar fita yadda ake so, shi ya sa numfashi yake ƙarewa, shi ya sa ka faɗi.

Ni da ba na iya barin magana ta wuce, na ce, "Wato likita, yana da zuciya ke nan?"

Ta ce, "Har ta yi yawa, Malam. Shekaru take yi tana aikin mutum biyu."

Ummanka, wadda ta riske mu a asibitin, ta juyo ta dube ni. Da ta yi magana da ya fi mini sauƙi.

Sai likitar ta ɗauki biro ta ce, "A danginku akwai wanda ya taɓa rasuwa farat ɗaya yana matashi? Yana wasa, ko yana aiki, ko yana barci?"

Na ce babu.

Ummanka ta ce, "Baffa Sule fa?"

Na ce, "Wannan ai daban ne."

Likitar ta ajiye biron ta ce, "Ba ni labarin daban ɗin."

Ba ka san Baffanka Sule ba sai a hoton nan na falo. Shi ke bi na. Duk unguwarmu babu mai gudunsa a filin ƙwallo. Yana da shekara ashirin da uku, wata ranar Juma'a da yamma, ya karɓi ƙwallo ya yi taku kaɗan ya faɗi, babu wanda ya taɓa shi. Kafin a kawo shi gida rai ya yi halinsa. Aka ce iska ce ta buge shi. Wasu suka ce jifa ne, saboda ya fi ƙarfin 'yan wata unguwa. Mahaifiyarmu ta hana a sake tayar da maganar, muka rufe, na rufe har a cikin kaina. Ajali gaskiya ne, ban taɓa shakka ba. Amma ajali yana da sababi, kuma ni ban taɓa haɗa faɗuwar Sule da hakinka ba, alhali ina koyar da yara yadda ake haɗa sababi da sakamako a yaƙe-yaƙen da aka yi shekaru ɗaruruwa da suka wuce.

Likitar ta ce ba za a iya tabbatar da abin da ya same shi ba yanzu, amma irin wannan ciwo yakan bi jini, don haka ta sa aka duba Hafsa aka duba ni. Hafsa lafiya lau, sai dai an ce a riƙa sake dubawa lokaci lokaci. Ni kuma aka ce bangon zuciyata ƙalau, amma ga hawan jini, ga tumbin da ya kamata a rage. Na shiga asibiti da raggo ɗaya, na fito an tabbatar mini da ko wane ne.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Duk likitan da ya tambaye ka, ka faɗa masa duka: sumar da ka yi, sunan maganinka, da Baffa Sule. Kuma ka samu mutum ɗaya a ɗakin kwananku, mai hankali, ba mai yawan dariya ba, ka gaya masa abin da ke akwai da inda takardar take, don in wani abu ya faru, Allah Ya kiyaye, kada a tsaya ana yayyafa maka ruwa ana neman mai ruƙiyya. Asibiti kai tsaye. Addu'a a yi ta a cikin mota.

Akwai kuskure na ƙarshe, shi kuwa abin dariya ne. Bayan mun dawo gida sai na juye gaba ɗaya, na mai da kai ƙwai. Na hana ka ɗaukar buta. Na hana ka zuwa masallacin Juma'a a ƙafa. Ka yi atishawa in aiko Hafsa ta duba. Da muka koma ganin likita na zayyana mata wannan tsari ina jiran yabo, sai ta cire gilashinta ta ce, "Malam, da ka ce ya yi gudu ba ka tambaye ni ba, yanzu da ka ce ya kwanta ma ba ka tambaye ni ba. Ban ce ya zama kayan ado ba. Tsere da gasa da ɗaukar nauyi mai sa nishi na hana. Tafiya a ƙafa kuwa ya yi ta kullum, daidai yadda zai iya hira yana yi. Kai ma ka bi shi."

Shi ne asalin tafiyar nan tamu ta bayan la'asar, daga ƙofar gida zuwa Kwaciri mu dawo, shekara uku ke nan. Ka san wanda yake cewa a tsaya a gaisa da mai lemo a rabin hanya, kuma ka san ba don zumunci ba ne. Ba ka taɓa tona mini asiri ba, na gode. A tafiyar nan na san ɗana: na san kana da ra'ayi a kan komai, na san kana ganin rabin abin da nake koyarwa tatsuniya ce, na san akwai wata mai suna da harafin R wadda kake sa wayarka a aljihu in ta kira. Ka gama jami'a da sakamakon da ni ban samu ba, ba ka sake faɗuwa ba, ka yi ƙiba daidai misali. Ni dai alhamdu lillahi, ban da abin da zan ce wa Ubangiji sai godiya. Don haka kada ka karanta wannan takarda ka ɗauka ina so ka je ka naɗe a katifa sati uku. Ka yi abokai, ka shiga muhawara, ka ci abincinsu ko da ba ka san sunansa ba, ka yi tafiyarka ta yamma. Duk aikin da ake yi da kai da baki da hannu ka shiga gaba. Ita kuma mai harafin R, in magana ta yi nisa, ka gaya mata gaskiya tun da wuri, ta ji daga bakinka.

Yanzu ga abin da nake roƙo, kuma ka lura roƙo na ce, ni da na saba ba da umarni. Takardar tana aljihun ciki inda Ummanka ta sa. Na kai an yi mata kwafi uku an rufe su da leda saboda ruwan sama, ɗaya a cikin wannan ambulan, ɗaya a ƙasan jaka, ɗaya a wajenmu. Ranar da ka isa, kafin ka nemi katifa, kafin ka gwada kakin ka ɗauki hoto, ka tambayi inda asibitin sansanin yake, ka miƙa ta hannu da hannu, ka tsaya har a rubuta sunanka. In layi ya yi tsawo ka bi layin, tsayuwa ba ta cikin abin da aka hana ka. Bayan nan ka bugo wa Ummanka ka ce an yi. Ba sai ka nemi ni ba, ina kusa da ita ina yin kamar ina karatu.

Za a samu masu tsokana, ba makawa. Wani zai ce ga ɗan hutu, wani zai ce takardar saye ka yi. Ka bar su. Yaran da za su faɗa ba za su fi sati uku a rayuwarka ba, kuma duk abin da za su ƙirƙiro ba zai kai wanda ka riga ka sha a gida ba, daga bakin wanda ya fi su iya magana. Wancan ka jure shi shekara biyar ba ka taɓa mayar mini da kalma ba. Mu abin da muke so shi ne ka dawo ta ƙofar nan da ƙafafunka, ka yi sallama, Ummanka ta ce ka rame ko da ba ka rame ba.

Allah Ya sa ka a hannun direba mai haƙuri da shugabanni masu saurare. Allah Ya haɗa ka da abokan arziki, Ya raba ka da sharrin hanya da na baƙon wuri, Ya ba ka lafiya mai ɗorewa, Ya dawo mana da kai cikin aminci. Ummanka tana sa maka albarka, ni ma na sa. Hafsa ta ce a gaishe ka, kuma kada ka dawo hannu rabbana.

Wassalam,
Babanka.

Af, saura abu ɗaya. Ranar da muka fito daga ɗakin likita ka tsaya a baranda kana dubana, ni kuma na ce bari in je in ga ko motar za ta tashi. Ba abin da ya kamata in faɗa ke nan ba. Ba ragwanci ba ne, bai taɓa zama ragwanci ba. Ni ne ban yi daidai ba, ɗana. Ka yafe mini.